Sunan Maganin Maruƙa a Oba-oba

A shekarun da na yi aikin akawu a Gummi, in ka tsaya a bakin kasuwa ka tambayi inda Turanci yake kwana, ƙofar ɗakina za a nuna maka. Ni ne mai rubuta wa samari takardar neman aiki, ni ne mai karanta wa tsofaffi wasiƙun 'ya'yansu da ke soja. Da wani Baturen gona ya zo duba shinkafar fadama, ni aka tura na tarbe shi, na yi masa Turanci na minti ashirin ban haɗiyi yawu ba, har sai da ya cire hula ya yi fifita. Ƙamus ɗina kuwa, saboda yawan buɗawa, in ya ji motsina da kansa yake buɗewa. Duk wannan gaskiya ne, in an ɗan rage.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, Turancin nawa na ido ne. A ba ni takarda, in cinye ta har da hatimin. Kunnena kuwa ashe bai taɓa shiga aji ba, a bakin taga ya tsaya.

Wata biyu da mayar da ni ofishin dabbobi abin ya faru, a farkon shekarun tamanin, damina ta kankama. Muna da na'urar oba-oba, wato rediyon magana da ofisoshin nesa, a ɗan ɗaki na kusa da sito, wani akwati ne mai nauyi da ake jona wa batirin babbar mota. Saboda kada batirin ya ƙare, ƙarfe tara na safe kawai ake kunna ta, a yi rabin awa a kashe. Sakkwato ce ke kira, ta fara da Anka, ta zo Bukkuyum, ta ƙare da mu. Kuma layin ɗaya ne. Duk abin da ka faɗa, na Anka yana ji, na Bukkuyum yana ji, duk wanda ya leƙo ta tagar ɗakunansu ma yana ji. In ka yi atishawa a Gummi, daga Anka za a yi maka addu'a.

Mai riƙe da na'urar ya tafi gida ta'aziyya, aka tambayi wanda zai zauna masa na sati biyu. Ban bari an rufe baki ba na miƙe. Satin farko lafiya lau. A aiko da rahoton wata, an ɗage taro, mota za ta zo ranar Laraba. Na riƙa amsawa da wata murya da nake ciro ta daga cikin hanci, har akawun Bukkuyum, wanda muka yi makaranta tare, ya laƙaba mini Baturen Gummi.

Ran nan da hantsi sai ga Ardo. Dattijo ne dogo, shanunsa suna mashekari can bayan fadama. Mahaifina ne ya karantar da 'ya'yansa, shi ya sa yake kirana ɗan Modibbo, ni kuma ina ce masa Baffa. Tun ina yaro ƙwaryar nono ba ta yanke wa Inna daga rugarsa ba. Bayan mun gaisa ya ce maruƙansa ne ba lafiya, tari da majina da zazzaɓi, biyu sun riga sun mutu, wasu takwas suna kwance. Malamin dabbobinmu kuwa ya fita rangadin rigakafi cikin daji, ba a sa ran dawowarsa sai bayan kwana goma.

Na ce Baffa ya kwantar da hankalinsa. Gobe ƙarfe tara ya zo, zan yi magana da babban likita na Sakkwato ta cikin akwatin nan, baki da baki, kamar yadda nake magana da shi yanzu. Har na ƙara da cewa ni da likitan mun saba, alhali ko fuskarsa ban taɓa gani ba.

Washegari Ardo ya zo da ƙannensa biyu, suka jingine sanduna suka tsuguna a bakin ƙofa. Masinja ya shigo, mai gadi ya shigo, masu jiran takardar fito da shanu suka cika taga. Da layi ya zo kanmu, na danna maɓalli na karanto bayanin ciwon da na riga na tsara a takarda. Ya fita sumul. Na ga Ardo yana gyaɗa kai ko da yake bai ji komai ba.

Likitan mutumin Indiya ne, kuma Allah Ya hore masa sauri. Ya yi tambaya biyu, na amsa. Ya ce babu maganin a sitonsu, sai dai a saya, allura ce, a yi wa kowane maraƙi kaza a tsoka. Duk na gane, na rubuta. Sai ya faɗi sunan maganin, wani abu mai tsawo da ya wuce kunnena kamar tsuntsu. Kafin in buɗe baki ya ce bari ya jero mini haruffan.

Jama'a, kun taɓa jin an watsa tsakuwa a kan rufin kwano? To haka. Na kama na farko, O ne, na rubuta shi da kyau har da zagaye. Kafin alƙalamina ya rufe zagayen nan likita ya kai ƙarshe ya ce oba, wato ya gama.

Na ce ya maimaita. Ya maimaita, amma da ƙarin gudu, irin na wanda aka tsayar yana kan hanyar tasha. A karo na biyu na bar farkon na yi kwanton ɓauna a ƙarshe, na cafke biyu, N da E. Tsakaninsu da O kuwa sai wani layi da hannuna ya ja shi kaɗai, mai kama da sawun maciji a rairayi.

Ga inda matsalar take. Mu a makarantar allo, mahaifina zai faɗi harafi, in faɗa, ya jira ni, in ya ga na yi nisa da hankali ya taɓa ni da bulala, sannan mu wuce na gaba. A boko kuma haruffan a kan allo muka gan su tsaye, ba sa zuwa ko'ina. Amma Bature ya ba haruffansa sunayen da ba su yi kama da aikinsu ba. In ka ji ya ce i, E yake nufi. In ya ce ai, I ke nan. In ya ce e, to A ce. Kowane ɗaya sai na tsayar da shi a ka, na cire masa riga na ga ko wane ne, kafin in sallame shi huɗu sun wuce ta bayana. Ga shi kuma ina ƙoƙarin haɗa su tun suna tafe don in ji kalmar da za su bayar. Aiki uku a lokaci ɗaya, da kai ɗaya, a gaban mutum goma sha.

Likita ya tambaya ko na samu. Ardo ya zuba mini ido. Na tuna na Anka yana ji, na Bukkuyum yana ji, na tuna sunan da aka laƙaba mini. Na danna maɓalli na ce, "Roja," wato na samu.

Likita ya ce madalla, shi ma yanzu zai kama hanyar Yawuri, sai bayan mako guda. Layi ya mutu.

"Mi ya ce, ɗan Modibbo?" in ji Ardo.

Na ce ya faɗi magani, babba ne ƙwarai, ba a samun irinsa a nan kusa, amma ni da kaina zan nemo. Ya sa mini albarka, ƙannensa suka ce amin. Albarkar nan ta fi mari zafi.

Da suka watse na kulle ƙofa na ɗauko ƙamus. Na bi duk kalmar da ta fara da O, daga ta farko har ta ƙarshe, ina neman mai ƙarewa da N da E. Na samu 'yan kaɗan, babu wadda za a ɗura a sirinji. Na rufe ido na yi ta ƙoƙarin dawo da muryar likita, sai in ji ti, in ji si, in ji wai, amma wanne ya riga wanne, oho. Akwai malamin asibiti a garin wanda wataƙila da ya ga guntayen zai canka. Sai dai abokin darata ne, kuma bakinsa ba shi da marfi. Kafin la'asar duk rumfar dara za ta ji. Na fasa.

Da safe na yanke shawara zan tambaya a layi, ko wani ya rubuta. Na kunna na'ura, na ɗora yatsa a kan maɓalli, na shirya maganar. Sai muryar akawun Bukkuyum ta shigo tana dariya, wai ina Baturen Gummi, jiya ya ji yadda muka yi ta fafatawa da likita, shi kam ya sara mini. Na ce ai ƙaramin abu ne. Na kashe na'ura ina jin kamar in ciji hannuna.

Ina fitowa na tarar da ƙanen Ardo a gindin bishiyar bedi. Ya ce na uku ya mutu da asuba. Ya tsaya yana kallon babur ɗina.

Na gaya wa masinja in Sakkwato ta nemi Gummi gobe, a ce batir ya yi sanyi. Na hau babur na kama hanyar Bukkuyum, da niyyar in ja abokina gefe inda babu taga, in tambaye shi cikin hikima. Hanyar nan a damina ba hanya ba ce, ra'ayi ne kawai. Wani wuri ni ke hawan babur, wani wuri babur ke hawana. A wani rafi da ya kawo, sai da mutum huɗu suka ɗauke shi a ka kamar gawa, ni ina biye da takalmi a hannu, takardata mai O a cikin hula don kada ta jiƙe. Duk ramin da na faɗa sai in ce o, ti, si, wai, ko Allah zai sa girgiza ta jera su.

Na isa bayan la'asar, laka har gira. Abokina ya ba ni ruwa, na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce wai so nake in gwada rubutuna da nasa, saboda iska ta ɗan tsinka layin jiya. Ya dube ni, ya dubi lakar, ya fashe da dariya har ya riƙe bango. Da ya gama sai ya rufe ƙofa ya rage murya. Ya ce shi shekara biyu ke nan, duk ranar da likitan nan ya fara jero masa haruffa, sai ya zare wayar batir da ƙafa, daga baya ya aika a ce a rubuto a takarda. Ya ce jiya da ya ji na ce roja, har ƙyashi ya kama shi.

Na ce to me ya tsinta? Ya yi tunani ya ce yana jin akwai harafin wai, wato Y, guda biyu a ciki. Wai biyu. Tafiyar yini guda na yi na samo wai biyu, kuma ban san inda zan ajiye su ba.

Ya ce in wuce Anka wurin Saje. Saje tsohon soja ne da ya riƙe na'urar sadarwa a lokacin yaƙi, yanzu shi ke kan oba-oba ta can, kuma duk abin da ya ratsa layin nan, nasa da wanda ba nasa ba, sai ya rubuta. Na ce Sajen da Turancinsa bai wuce lef-rai da yessa ba? Ya ce shi fa.

A Bukkuyum na kwana. Da sassafe na ɗauki hanya, na isa Anka rana ta take tsaka. Na samu Saje zaune a kan benci yana goge takalmi, gajere, gashin baki a murɗe. Na gabatar da kaina, ya ce ya san muryar. Na fara zancen iska da ta tsinka layi, bai ko saurara ba, ya shiga ya fito da wani ƙaton littafi, ya lashi yatsa ya koma baya shafi biyu, ya ɗora farce. Ga kalmar nan, da manyan baƙaƙe, haruffa goma sha biyar a jere kamar an yi musu fareti. O tawa tana gaba, N da E suna baya, wai biyun abokina suna tsakiya suna hutawa.

Na tambaye shi ma'anarta. Ya ce shi ina ya sani. Na ce to ya karanta mini. Ya ce ba aikinsa ba ne, shi daga kunne sai hannu, ba ya bari su biya ta ka. Ya ce mu 'yan makaranta abin da ke kashe mu ke nan, harafi na uku bai iso ba mun fara neman sanin inda maganar ta dosa. A daji, in ji shi, wanda ya tsaya fahimta kafin ya rubuta, sai dai a rubuta sunansa.

Raina ya ɗan sosu, na ce ai saurin likitan ne ya yi yawa, da a ce mutum ne mai magana kamar mutane da ba haka ba. Saje ya ajiye burushi ya ce in riƙe alƙalami. Ya jero: bi, yu, ke, ke, yu, wai, yu, em. Na samu bi, na samu em. Ya ce mene ne? Na dubi takarda na yi gyaran murya na ce da alama maganin tsutsar ciki ne.

"Garin da ka kwana jiya na, Malam," in ji shi. "Bukkuyum."

Wani mai sayar da goro da ke gefe ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa.

Ina kwafe kalmar, harafi-harafi, ina dubawa sau uku, Saje ya ce tun ranar ya san roja ɗin nan tawa babu komai a cikinta, don wanda ya samu saƙo maimaita shi yake yi a ji. Jiya da yau, ƙarfe tara, ya buɗe littafin a daidai shafin ya zauna yana jira in tambaya. Na ce to don me bai karanto mini ba, tunda ya sani? Ya ce shi ba a tambaye shi ba, kuma bai ga dalilin da zai kunyata Baturen Gummi a gaban jama'a ba. Na rasa ko in gode masa ko in kwaɗa masa littafin.

Ya nuna mini shagon wani mutumin kudu da ke sayar da magungunan dabbobi a bakin kasuwa. A hanya na ce aƙalla in fanshe da furuci. Na yanka kalmar gida huɗu kamar rake, na yi ta tauna: oksi, tetara, sai, kilin. Na haɗa, na raba, na sake haɗawa, har wata mai tallar fura ta kauce mini. Da na isa na dafa kanta na sake ta gaba ɗaya, da muryar hancin nan. Mai shago ya dube ni ya ce me? Na sake, wannan karon na danna ƙarfi a wani wuri dabam. Ya ce in ba shi takardar. Ya duba, ya faɗi wani abu gajere da bai kai rabin nawa ba, ya juya ya sauko da kwalabe. Ban tambaye shi yadda ya ce ba. Na gaji da koyo a ranar.

Ban tsaya ko'ina ba a komowa sai salla da shan mai, amma duk da haka sai washegari da la'asar na isa mashekarin Ardo, kwana uku cif da maganar likita. Na kashe babur daga nesa saboda shanu. Tun kafin in ƙarasa na hango fatu a shanye a kan ƙaya. Na ƙirga ba da son raina ba. Biyar. An ce na huɗu da na biyar jiya suka tafi, ɗaya da safe ɗaya da yamma. Sauran suna kwance a ƙarƙashin rumfar kara, haƙarƙari yana hawa yana sauka, iyayensu mata suna kuka daga turke.

Ardo ya shimfiɗa mini buzu, aka kawo nono, ya tambayi hanya, ya tambayi gajiya, ya tambayi Inna, bai tambayi magani ba sai da gaisuwa ta ƙare. Na ciro kwalba na miƙa masa da hannu biyu, na faɗi sunan, a hankali wannan karon. Ya ɗaga ta saitin rana, ya girgiza, ya miƙa wa ƙanensa, suka yi magana da Fillanci gajeriya. Ƙanen ya tashi da sauri ya nufi rumfar, yana kiran a kawo sirinji.

Ardo ya ce wannan ai mai ruwan zuma ne, haka suke kiransa. Sun san shi, ranar kasuwar Gummi akwai mai kawo shi. Abin da ba su sani ba shi ne ko shi ya dace da wannan ciwon ko wani, shi ya sa ya zo a tambayi likita, kada su yi wa maruƙa allurar da ba tasu ba.

Daga nan na kasa riƙewa. Na gaya masa yadda aka yi, tun daga O har Saje. Na yi ƙoƙarin in sa abin ya zama na dariya, na kwaikwayi likita, na kwaikwayi tsakuwa a kan kwano, na ce ko aljani ba zai kama haruffan nan ba. Babu wanda ya yi dariya. Ardo yana ta murza sandarsa a ƙasa, idonsa a kan fatun. Da na yi shiru ya ɗago.

"Ɗan Modibbo," ya ce, "duk Turancin ga naka, babu 'ban ji ba' a ciki?"